Sunan da Ake Jifa da Shi

A ɗakin labarai na gidan rediyon da na yi aiki a Kano akwai wata takarda manne a bango, ƙarƙashin agogo. Jerin ranakun duniya ne: ranar ruwa, ranar mata, ranar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, har da ranar banɗaki, wadda duk shekara sai an yi musu kan wanda zai karanta ta. Idan labarai suka yi ƙaranci, edita yakan ɗaga kai ya dubi takardar, ya ce a nemo likita a yi hira da shi. Ɗaya ga Disamba, ranar yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki, ba ma taɓa tsallake ta. Sha bakwai ga Mayu kuwa, wadda a wasu ƙasashe aka keɓe don hana cin zarafin masu neman jinsinsu, wani ya riga ya ja mata layi da jan biro tun kafin a ɗauke ni aiki. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin nan, ban ji wanda ya tambayi dalili ba. Ni ma ban tambaya ba.

Abin da nake taƙama da shi a aikin shi ne zaɓen kalma. Ina cikin waɗanda suka dage sai mun daina cewa "ƙanjamau" a labarai, bayan wata mata mai ɗauke da cutar ta zo har ofis ta ce mana ita ba ta ƙanjame ba, ta ma fi yawancinmu ƙiba. Daga ranar muka koma "cuta mai karya garkuwar jiki", duk da tsawonta. Na sha ba da wannan labari, kuma kullum ni ce a ɓangaren masu gaskiya.

Na ajiye aikin na biyo maigidana Kuala Lumpur, inda ya samu koyarwa a wata jami'a. Muna zaune a Sri Petaling, hawa na goma sha huɗu, da yara biyu waɗanda in ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci. Da korona ta zo aka kulle gari, hukuma ta riƙa fitar da sanarwa kusan kullum, da Malay da Turanci: yau a ce mutum ɗaya ne zai fita cefane, jibi a ce an sauya. Matan da muke zaure ɗaya da su a waya, matan malamai da na masu karatun digiri na uku, duk suka rikice, kowa da irin abin da ta ji. Sai na fara fassara sanarwar ina tura musu a saƙon murya. Cikin kabad ɗin kaya nake shiga bayan azahar in ja ƙofa, domin tufafi na shanye amon ɗaki. Minti biyu, ba ƙari. "Assalamu alaikum, daga Sri Petaling ake magana." Ban san saƙon na fita daga zauren ba sai da maigidana ya gaya mini ɗalibanmu na unguwar Setapak na tura wa juna, har sun raɗa masa suna Rediyo Anti.

Ƙofarmu na kallon ta wata likita, 'yar ƙasa ce 'yar asalin Indiya, gajeriya mai saurin magana. Kwana biyu a mako tana aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti kusa da Titiwangsa. Wajen ƙarshen Nuwamba na shekarar farko ta annobar, ta tare ni a bakin lif, takunkumi a fuskarta, ta miƙo mini takarda daga nesa. Ta ce ɗaya ga Disamba na tafe, kuma tun da aka kulle gari mutane suka daina zuwa gwaji, wasu ma sun daina karɓar magani. Sun samu wanda ya karanta musu sanarwar da Bengali da Larabci. Ta ji an ce ni 'yar rediyo ce.

"Boleh?" in ji ta, wato zai yiwu?

Na ce boleh.

Sanarwar ta lissafa waɗanda aka fi so su zo. Na zauna da biro kamar da. Mata masu sayar da jikinsu, na rubuta "mata masu zaman kansu", yadda aka koya mana. Masu shan ƙwaya ta allura, wannan ba wuya. Sai na zo kan maza masu kwanciya da maza. Bature ya kashe kalma shida a nan. Ni na rubuta "'yan luwaɗi", na ma ji daɗin yadda Hausa ta gama magana da kalma biyu. Na karanta a fili sau uku, na shiga kabad, na naɗa, na rufe da cewa ƙofar asibitin a buɗe take ga kowa, babu tsangwama.

A zauren mata, Hajiya ce kaɗai ta amsa. Ita ce uwar zaure, matar wani dattijon farfesa, ta fi kowa daɗewa a ƙasar. Ta rubuta: "Allah ya shirye su." Sauran suka jera amin.

Kwana uku bayan haka ina yanka albasa da hantsi, saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Babu hoto, babu suna. A rubuce yake.

"Anti ina kwana. Na ji saƙonki. Kin kira mu da sunan da ake jifan mu da shi, sannan kin ce mu zo babu tsangwama. Ta wace ƙofa za mu shiga?"

Na wanke hannu na zauna. Amsar da na fara bayarwa ta 'yar jarida ce da aka yi wa gyara. Na ce kalmar da kowa ya sani ce, ita ke cikin ƙamus.

"Na sani Anti. Ita ake faɗa kafin a ɗauki dutse."

Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Ƙwaya tara ta rage min."

A hankali ya ba ni labarin, layi-layi, yana rubutawa yana gogewa. Ɗalibi ne a wata kwaleji mai zaman kanta, yana zaune a Setapak da abokan ɗaki uku. Da ya je hutu gida ne ya yi gwaji ya san yana ɗauke da cutar. Babu wanda ya sani a gidansu. Wani abokinsa ne ke karɓar masa magani a can, ya zuba a robar bitamin, ya ba matafiyi. Da jirage suka tsaya, abin da ya tara ya riƙa raguwa, sai ya koma sha yau ya tsallake gobe don ya ja lokaci. Tsoronsa kada makaranta ta ji a soke masa biza, a mayar da shi gida a tambaye shi dalili.

Na ce to ai ga asibiti an samu, ya je mana.

"Anti, duk Setapak sun ji saƙonki. Yanzu duk Bahaushen da aka gani a ƙofar nan, an san yana cikin ukun da kika lissafa. Ni ba mace ba ce, kuma kowa ya san ko sigari ba na sha."

Wannan ne ban hango ba. Sanarwar likita, da aka karanta da Bengali, ta faɗa cikin dubban mutanen da ba su san juna ba. Tawa ta faɗa cikin mutanen da ke cin tuwo a faranti ɗaya ranar sallah. Na yi niyyar buɗe ƙofa, sai na rubuta a samanta laifin duk wanda ya shiga.

Da yamma na ƙwanƙwasa wa likita. Ban ba ta lambar ba, na dai gaya mata halin da ake ciki. Da ta ji batun tsallake kwana, sai ta daina saurin magana. Ta ce wannan ya fi komai haɗari, domin ƙwayar cutar na iya sabawa da maganin ya daina yi mata aiki. Ta ce ba za ta iya ba ni magani in kai wa wanda ba ta gani ba, dole ta auna jininsa ta ga irin wanda yake sha. Na tambaye ta ko suna aika sunaye makaranta. Ta ce asibitinsu ba ya yi. Na sa ta maimaita, domin ba na karanta abin da ban tabbatar ba.

Na koma na buɗe littafina. Na rubuta "masu neman maza", na soke. "Masu neman jinsi ɗaya", na soke, domin duk da ta fi laushi, yatsa ɗaya take nunawa. "'Yan daudu" ma ba ita ba ce, wani abu ne daban, kuma ita ma da dariya ake faɗarta. Na cika shafi guda, ban samu kalmar da mutum zai ji ya ce ni ake kira, ya kuma taso ba. Sai na daina neman yadda zan kira shi. Na koma tunanin yadda zai shiga ƙofar nan ba tare da kowa ya lura ba, kuma hanya ɗaya na gani: ya zamana ba shi kaɗai ke shiga ba.

Maigidana na duba takardun ɗalibai a kwamfuta lokacin da na ce masa ranar Talata za mu je gwaji, ni da shi, kuma zan faɗa a saƙo.

Ya cire tabarau. "Shekara sha biyar da aure, yanzu ne kika fara zargi na?"

"Malam, da zargi ne ai ba zan sanar a rediyo ba."

"To me ya faru?"

Na gaya masa akwai yaron da maganinsa ya kusa ƙarewa, kuma ni na toshe masa hanya da bakina. Ya tambaye ni wane ne. Na ce ban sani ba, kuma ba na son in sani. Ya ce in tuna a ƙasar mutane muke, kuma abin da nake magana a kai laifi ne a dokarsu kamar yadda yake a tamu, ga shi aikinsa na kwantiragi ne. Na ce na tuna. Na ce babu dokar da ta hana mata da miji gwajin jini.

"Mutane za su yi magana."

"Za su yi. Ni ma magana ce sana'ata."

Ya mayar da tabarau, ya ci gaba da duba allo. Can ya ce, "Ni dai allura ce ba na so. Ki tambayi likitar ko ta yatsa ce."

Washegari na shiga kabad. Ga abin da na karanta, har yanzu yana cikin littafin:

"Assalamu alaikum, daga Sri Petaling ake magana. Saƙon da na aiko kwanakin baya akwai kuskure a cikinsa, kuma nawa ne. Na lissafa wasu mutane kamar su kaɗai gwajin ya shafa. Ba haka ba ne. Ya shafi duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini, ko aski, ko kaciya, ko aure. Ranar Talata, ɗaya ga Disamba, ni da maigidana za mu je a gwada mu. Wanda ke shan wani magani da ya saba samu daga gida, kowane iri ne, ya zo da robarsa likita ta duba. A can babu mai tambayar ka ɗan wane gida ne. Mu haɗu a tashar Titiwangsa da ƙarfe goma, kowa da takunkuminsa."

Ba a yi awa ɗaya ba Hajiya ta kira.

"Ƙanwata, lafiya kuwa? Ke da Malam ɗin?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"To me ya kai matar aure wannan layi? Kuma na ga kin cire sunayen. Na farkon ai ya fi gaskiya, an kira kowa da sunansa. Ko halatta musu kike so ki yi?"

Na ce, "Hajiya, ba fatawa na karanta ba, sanarwar asibiti ce. Abin da addini ya ce yana nan inda yake, ban taɓa shi ba."

"Wani ne ya yi miki magana." Ba tambaya ta yi ba. Hajiya ta yi shekara ashirin tana sasanta rigimar 'yan Najeriya a garin nan, ba a ɓoye mata abu da sauƙi. "Cikin yaranmu ne? Gaya mini, in kira uwarsa tun abin bai yi nisa ba. Taimakonsa za mu yi."

Na yarda da gaske take. Ita ce ke kai wa ɗalibai abinci in sun kwanta ciwo. Amma na san abin da kiran uwar zai haifar. Na ce ba ni da sunan da zan ba ta, kuma ko ina da shi ba zan bayar ba. Ta ce ashe haka na zama. Ta ce zauren na matan aure ne da tarbiyyar yara, daga yau in bar turo irin waɗannan saƙonni a ciki. Na ce to, Hajiya, na gode. Da la'asar na ga an rufe zauren, shugabanni kaɗai ke iya magana.

Na tura saƙon ga ɗalibai biyu da nake da lambarsu, na ce su yaɗa. Na tura wa lambar da ba ta da suna. Ya karanta, bai amsa ba. Na sake rubuta masa abin da likita ta ce game da tsallake kwana, na ce ya koma sha kullum, abin da ya rage zai kai shi Talata. Nan ma shiru.

Ranar Talata muka shiga jirgin ƙasa daga Sri Petaling, kujera ɗaya tsakaninmu kamar yadda aka tsara. A hanya na shirya wa kaina cewa wataƙila mu biyu ne kawai. Da muka fito a Titiwangsa, sai na hango hijabai biyu kusa da matakala. Ɗaya matar wani mai karatun injiniya ce, mai tsohon ciki, ta ce ita dama an ce ta yi gwajin ba ta samu zuwa ba. Ɗayar aminiyar Hajiya ce. Ta ce, "Ni gulma na zo gani, kada ki ɗauka wani abu." Amma ta bi layi.

Sai samari suka fara isowa daga Setapak, bibbiyu, uku-uku, har suka kai bakwai. Hayaniyarsu ta riga su.

"Rediyo Anti! Ashe haka kike, mun ɗauka doguwa ce!"

"Anti, in an gama akwai makan? Ni yunwa ce ta kawo ni lah," in ji wani, yana cakuɗa Hausa da Malay.

Wani ya nuna abokinsa. "Wannan a fara da shi, Anti. Wanzamin da ya yi masa kaciya da wuƙar yankan kaji ya yi."

"Kai kuma fa? Askin ringit biyar a ƙarƙashin bene!"

Likita ta tsara a shiga ɗaya bayan ɗaya, sauran su jira a waje da tazara. Maigidana ya fara shiga, ya fito yana riƙe da yatsa kamar an sare shi, samarin suka yi masa tafi. Na shiga na biyu.

Da na fito na tsaya a inuwa ina kallonsu. Duk fuskokin a rufe suke, idanu kawai. Kunnena ya saba rarrabe muryoyi, kuma ba tare da na sa shi ba ya fara aiki: wannan dariyarsa ta yi yawa, wancan bai ce komai ba tun da ya zo, wannan jakarsa a gaba ya rataye ta. Huɗu daga cikinsu sun zo da robar magani, ɗaya na olsa, ɗaya na asma, sauran ban ji ba. Na lura na fara lissafin minti nawa kowa ke yi a ciki. Sai na juya musu baya, na ce wa maigidana ya zo mu tsallaka shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke gefen titi mu yi musu odar abinci. Muka sa aka ƙulle roti da shayi goma sha ɗaya a leda, abin da suke kira tapau, kowa ya tafi da nasa. Muka daɗe a can da gangan.

Ban tambayi likita komai ba, ita ma ba ta ce mini komai ba. Da muka haɗu a lif bayan kwana biyu, zancen ruwan sama muka yi.

Saƙon lambar nan marar suna ya shigo ne tun ranar Talatar, muna cikin jirgin komawa, daidai lokacin da maigidana ke nuna mini yatsarsa karo na uku.

"Na karɓa Anti. Na wata ɗaya. Ta ce in dawo."

Na rubuta, "Alhamdu lillahi."

Ba a sake buɗe mini zauren mata ba. Hajiya na amsa gaisuwata, a taƙaice. Na ci gaba da shiga kabad bayan azahar, ina tura wa duk wanda ya ba ni lambarsa, kuma a ƙarshen kowane wata ina ƙara layi ɗaya: asibitin Titiwangsa na buɗe, mai shan magani ya duba robarsa. Da ƙaramar sallah ta zo an sake kulle gari, babu ziyara. Na dafa tuwo da miyar kuka da na daɗe ina ɓoyo, muka aika Setapak a mota, roba bakwai, duk cika ɗaya.

Kwana huɗu bayan sallar, da safe, lambar nan ta sake magana.

"Anti kin san yau wace rana ce?"

Na duba kwanan wata. Sha bakwai ga Mayu. Na tuna jan biron nan a ƙarƙashin agogo.

"Na sani."

"Za ki faɗa a rediyo?"

Ban saba yi wa mai sauraro ƙarya ba. Na ce a'a, ba zan faɗa ba. Na ce har yau ban samu kalmar da zan kira shi da ita in tabbata ba jifa ba ce, kuma ba zan sake fita da wadda ban tabbatar ba. Na ce shafin na nan a buɗe, in yana da wadda yake so, ya turo mini.

"Ni ma ban da ita Anti," ya rubuta, da alamar dariya.

"To mu ci gaba da nema. Nawa ya rage a robar?"

"Wata biyu."

"Kana sha kullum?"

"Kullum."

Na ajiye wayar na ɗauko littafin. Akwai sabuwar sanarwa kan rajistar rigakafi da ya kamata ta fita kafin la'asar, kuma ban gama fassara ta ba.